Abin da Aka Shuka a Goyo, a Balaga Yake Tsirowa



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi yaranmu 'yan shekara 12 zuwa 15. Sau da yawa uwa kan same ni a makaranta ta ce, "Malama, yarinyar nan ta canza. Ba ta magana, ba ta cin abinci, abu kaɗan sai kuka." Wata kuma ɗanta ne ya zama mafaɗaci, kullum sai an kawo ƙararsa. Nan da nan sai a ce taurin kai ne, ko sammu, ko iska. To 'yar uwa, kafin ki yanke hukunci ki waiwaya tukuna: me yaron nan ya gani tun yana goye?

Ƙwaƙwalwar yaro kan kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta kafin ya cika shekara 6. Duk sanda ya tsorata, jikinsa na fitar da wani sinadari da ake kira kotisol, mai shirya mutum ya gudu ko ya kare kansa. In kika ɗauke shi kika rarrashe shi, sai sinadarin ya sauka, yaron ya koyi cewa tsoro yana wucewa. In kuwa kullum cikin fargaba yake, babu mai rarrashi, sai ƙwaƙwalwar ta saba da zaman ɗar-ɗar. Ya girma ya manta abin da ya faru, amma jikinsa bai manta ba. Da balaga ta zo da nata sauye-sauyen, sai tsohon mikin ya tashi.

An fitar da wani bincike a Amurka, wanda aka yi a kan manya sama da 17,000. An tambaye su abin da suka gani a yarinta: duka, zagi, rabuwar iyaye, dukan uwa a gabansu, ko zama da mashayi. Waɗanda suka haɗu da huɗu ko fiye sun ninka sauran wajen kamuwa da ciwon damuwa da shaye-shaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa kan fara ne zuwa shekara 14.

Mu duba gidajenmu. Cacar baki da maigida ko abokiyar zama a gaban yara. Yaye kwatsam, a kai yaro gidan kaka ba shiri. Kulle shi a ɗaki da sunan dodo. Kiran "shashasha" safe da yamma. Mukan ce ai yaro ne, bai san komai ba. Wallahi ya sani.

Kada wannan ya karya miki zuciya, don ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama ginuwa ba, gyara na yiwuwa. Babban abin da ke ceto yaro shi ne ya sami babba ko da guda ɗaya da ya amince da shi. Don haka:

1. Ki ware masa lokaci kullum, ki saurara ba tare da faɗa ba.
2. In kin zalunce shi, ki ba shi haƙuri. Girmanki ba zai ragu ba.
3. Saɓaninki da maigida ya tsaya a bayan ƙofa.
4. In rashin barci, ƙin abinci ko keɓewa sun wuce mako biyu, ki kai shi asibiti. In ya ambaci kashe kansa, a ranar za ki kai shi. Addu'a da magani ba sa karo.

Ki tuna, Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, wanda ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi bai yaba masa ba, sai ya gargaɗe shi a kan rashin jinƙai.

Allah ya shirya mana zuriya, ya yafe mana inda muka gaza. Amin.