Darasin yau: Babbar taya ba ta ƙara wa akori-kura ƙarfin ɗaukar kaya

Yau za mu ɗan fita daga ɗakin kaji da bakin kududdufi, mu leƙa ƙarƙashin motar da ke kawo mana abinci, take kuma kai kayanmu kasuwa. Dalili kuwa, wani ɗan uwa ya tambaye mu: "Na samu akori-kura ta hannu, an ce in sa mata manyan tayoyi za ta ƙara ɗaukar buhuna. Gaskiya ne?"

A taƙaice, a'a. Canza taya ba ya ƙara nauyin da aka ƙera mota ta ɗauka, amma taya marar dacewa tana rage shi sosai. Bari mu bi a hankali.

1. WA YA YANKE NAUYIN DA MOTA ZA TA ƊAUKA?

Kamfanin da ya ƙera ta. Ya duba ƙarfin shasi, sifirin, ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya, birki da taya, sannan ya ce ga iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. Za ka samu wannan adadi a littafin mota ko a ɗan farantin da ke jikinta, galibi wajen ƙofar direba. Ka cire nauyin motar tana wofi, abin da ya rage shi ne rabonka. Irin su Toyota Hilux rabon yakan kai kusan tan ɗaya, wasu ƙasa da haka.

In ka sa taya mai ƙarfi, sifirin ɗinka yana nan yadda yake, birki ma haka. Kamar guga ce da igiya, duk girman guga, abin da igiya za ta iya ja shi ne zai fito daga rijiya.

2. LISSAFI DA BUHU DA LITA

Mu ɗauka rabonka kilo 1,000 ne. Direba da yaron mota suna ciki, mu ce kilo 140. Ƙarafan da mai walda ya ɗora maka a baya don kejin kaji, mu ce kilo 80. Saura 780. Buhun abincin kaji kilo 25 ne, ke nan buhu 31, ba 40 ba.

Masu kifi, naku ya fi ruɗi, don ruwa ba ya nuna nauyinsa a ido. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin lita 1,000 in ya cika ya cinye tan guda, ba a ma lissafa tankin kansa ba, balle tarwada da direba. Jarka 20 masu lita 25 kilo 500 ne cif.

3. KARANTA JIKIN TAYA KAFIN KA BIYA

Kowace taya tana ɗauke da lambar nauyi, tana zuwa bayan lambar girma. Misali 205R16C 110/108. Harafin C yana nufin tayar motar kaya ce. 110 shi ne ƙarfinta in ita kaɗai ce a gefe, 108 kuma in an jera biyu. Ga fassarar wasu lambobin, kowace taya ɗaya:

98 = kilo 750
100 = kilo 800
104 = kilo 900
106 = kilo 950
110 = kilo 1,060
112 = kilo 1,120

Yanzu duba inda ake faɗawa rami. Ka je kasuwa, mai taya ya ce ga wata 'yar Beljiyam mai araha, ita ma 16 ce, za ta hau. Ka duba ka ga 215/65R16 98. Za ta hau kam, har ta fi taka faɗi. Amma biyu a baya kilo 1,500 suke ɗauka, alhali na asali biyu 2,120 ne. Ka zubar da ƙarfin kilo 620 a tayoyin baya, nauyin kusan buhu 25, kai kuwa kana murna ka yi riba. Araha ba ta ado. Ka tuna kuma, tayoyin baya ba kayanka kaɗai suke ɗauka ba, har da rabin bayan motar kanta.

4. ABIN DA BABBAR TAYA KE JAWOWA

Ko lambar nauyinta ta kai, taya mai tsayi tana da nata haraji:

• Ƙarin nauyinta da na wilinta daga rabonka ake cirewa. Biyar ne fa, har da sifiya.
• Mota tana rasa ƙarfin tashi da kaya, musamman a hawa ko a yashi. Kuloci ya sha wuya, mai ya ƙara tafiya.
• Birki yana buƙatar tazara mai tsawo kafin ya tsayar da ita.
• Agogon gudu yana yi maka ƙarya. Daga 205R16 zuwa 265/70R16 tsayin ya ƙaru da kusan kashi 6 cikin 100, agogo yana nuna 80 kai kana kusan 85.
• In kaya ya danne baya, taya tana iya gogar bodi a kowane rami, har ta yanke.
• Mota ta ƙara tsayi, ta fi saurin karkata. Ga mai tankin ruwa wannan ba wasa ba ne, don ruwan da bai cika tanki ba yana tunkuɗa mota gefe a kwana.

Su kuma manyan wili masu ƙyalli da siririyar taya, na gayu ne. Iskar da ke cikin taya ita ke ɗaukar kaya, siririya kuwa ba ta da wurin iska da yawa, kuma ramin hanyar gona ɗaya ya isa ya lanƙwasa wilin. Ga ƙwai kuma, jijjiga ta ƙaru, fashewa ta ƙaru. Kada mu yi wa rogo kallon kitse.

5. ISKA DA SHEKARU

Lambar nauyi tana aiki ne kawai in iska ta cika yadda aka rubuta. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin kaya tana lanƙwashewa, ta ɗau zafi, ga kwalta ta yi zafi a watan Afrilu, sai ka ji fam! Ka sa mai faci ya auna da ma'auni da safe kafin tafiya, ba buga ƙafa ba. Ka bi adadin da kamfanin motar ya rubuta na lokacin da take da kaya.

Duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. In ka ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, ko da zanensu bai cinye ba.

ME YA SA MU MUKA FI DAMUWA?

Mai ɗaukar siminti in tayarsa ta fashe, siminti zai jira. Namu kayan rai gare shi. Ka tsaya a rana da kaji masu nama a keji, iska ta daina kaɗa su, sai haki, sai mutuwa. Ruwan 'ya'yan kifi ya ɗumama, iskar cikinsa ta ragu, wahalar da ka sha ta tafi a bakin titi. Ba a ma maganar ran direba da na sauran masu bin hanya.

Don haka: ka tsaya a girman tayar da kamfani ya rubuta. In dole ka canza, lambar nauyi kada ta gaza ta asali. Tayoyin baya su zama iri ɗaya, sifiya ma mai ɗaukar kaya ce. In kayan sun fi ƙarfin mota, ka yi sawu biyu. Kuɗin man sawu na biyu bai kai kuɗin kaji ɗari ba.

Aikin gida: yau ka tsuguna ka karanta jikin tayar motarka, ko ta wanda kake haya, ka faɗa mana lambar da ka gani, mu yi lissafin tare. Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mana hanya.