Darasi na Bakwai: Jinyar Ɗan Tsako Mai Rauni

Gabatarwa

Kiwon kaji yana daga cikin ƙananan sana'o'in da aka san matan Hausawa da su tun kaka da kakanni. Kaza ita ce asusun mace a karkara. Ita ake sayarwa idan yaro ya kwanta ciwo, ita ake yanka wa baƙo, kuma da kuɗinta ake tarawa a sayi akuya. Saboda haka mutuwar ɗan tsako hasara ce ta gaske ga mai shi. A wannan darasi za a duba yadda ake jinyar ɗan tsakon da ya fito da rauni, tare da auna wasu dabarun gargajiya da abin da ilimin kiwo ya tabbatar.

Mafarin rauni

Kaza takan yi kwana 21 tana kwanci kafin ta ƙyanƙyashe. Ƙwai ba ya fashewa lokaci ɗaya, don haka wanda ya yi nawa yakan fito ya tarar uwa ta tashi da 'yan'uwansa, ta bar shi a gurbi jiƙe sharkaf. Ƙwan da bai fashe ba sam shi ake kira baragurbi, kuma daga nan Bahaushe ya ari kalmar ya laƙaba wa wanda ya lalace a cikin dangi. Ana gane ɗan tsako mai rauni idan ya ware kansa, ya saki fukafukai, ya lumshe ido, ko kuwa ya yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa.

Ɗumi kafin abinci

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar ɗura masa abinci. Dab da fitowarsa daga ƙwai, ɗan tsako yakan janye ragowar gwaiduwa zuwa cikinsa ta cibiya, kuma wannan guzuri yana iya riƙe shi kwana 2 zuwa 3. Ashe ke nan ba yunwa ce take fara kashe shi ba, sanyi ne. Jikinsa ba ya iya riƙe zafi da kansa a makonnin farko, shi ya sa uwa take tara 'ya'yanta a ƙarƙashin fukafukanta. Abin da yake bukata a makon farko shi ne ɗumi na kimanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin santigireti, sannan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan kowane mako.

Tsofaffin mata sun daɗe da gane haka ba tare da ma'auni ba. Sukan tsane shi da tsumma, su sa shi cikin ƙwarya ko kwando kusa da murhu, musamman lokacin hunturu. Wasu kan ajiye fitilar ƙwai a gefensa, ko su cika kwalba da ruwan ɗumi su naɗe ta da ƙyalle. Sai dai a bar masa wurin da zai matsa idan zafi ya yi yawa, domin idan aka ga ya wangame baki yana haki, to ɗumin ya zarce kima. Garwashi kuwa a ɗakin da aka rufe haɗari ne ga ɗan tsako da mai jinyarsa baki ɗaya.

Sai jikinsa ya yi ɗumi ake ba shi ruwa. Akan narkar da ɗan sukari a ruwa mai tsabta, a tsoma bakinsa a ciki, a bar shi ya ɗaga kai ya haɗiye da kansa. Ba a buɗe masa baki a tsiyaya, domin ruwan yana iya bin hanyar numfashi ya shaƙe shi nan take. Idan ya fara tsayuwa da ƙafafunsa, sai a marmasa masa dafaffiyar gwaiduwa, daga baya a koma ga tsaki mai laushi. Haka kuma a riƙa duba duburarsa. Idan kashi ya bushe ya toshe ta, a jiƙa da ruwan ɗumi a goge a hankali, ba a fizga ba.

Dabarun da ke bukatar nazari

Akwai al'adar kifa ƙwarya a kan ɗan tsakon da ya suma, a riƙa ƙwanƙwasa ta har ya motsa. Yara suna sha'awar wannan ƙwarai, kuma wani lokaci yakan zabura saboda firgita. Amma ƙara ba ta mayar da zafin jiki, kuma lokacin da aka ɓata a kanta ya fi amfani a bakin murhu. Haka nan jiƙa barkono ko sassaƙen maɗaci da ake yi wa manyan kaji ya fi ƙarfin ɗan kwana ɗaya.

Wajibi ne kuma a bambance rauni da cuta mai yaɗuwa. Idan 'yan tsaki da yawa suka kama farin zawo, ko manyan kaji suka fara murɗe wuya suna mutuwa bi da bi, to al'amarin ya wuce jinyar gida. Murɗewar wuya tana cikin alamun cutar Niyukasil, wadda ba ta da magani sai rigakafi, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana sarrafa rigakafinta. Abin yi shi ne a ware marar lafiya, a nemi malamin dabbobi, sannan duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, musamman yara.

Jinga

Ɗalibi ya tattauna da wata mai kiwon kaji a unguwarsu, ya rubuto kalmomin da take amfani da su a kan kwanci da ƙyanƙyasa da cututtukan kaji. Bayan haka ya bayyana yadda zai koyar da karin maganar nan, "Ɗan tsako samu ka ƙi dangi," ga 'yan aji huɗu na firamare.