Gwamen Yaro: Ba Kullum Bitamin D Ne Maganinsa Ba

Bitamin D ya zama abin yayi a 'yan shekarun nan. Mai ciwon ƙugu, mai kasala, kowa sai ya nufi kemis ya ce a ba shi "mai dubu hamsin", wato ƙwaya mai ƙarfin IU (ma'aunin bitamin) dubu hamsin. Ni likitan yara ne, kuma abin da ya fi damuna shi ne iyayen da ke ɗura wa yaro ƙwayar don sun ga ƙafarsa ta lanƙwashe.

Uwa takan shigo ta ce, "Likita, ka duba min shi, in ya ɗan taka sai ya zauna yana kuka, ga gwiwoyin suna gugar juna." Sai in kama wuyan hannunsa in ji ya yi kauri, in ɗaga riga in shafa ƙirji in ji ƙullutai jere a bakin haƙarƙari kamar 'ya'yan carbi. Ƙashi ne bai yi ƙwari ba. Tambayata ta gaba ita ce abin da yake ci tun da aka yaye shi, amsar kuwa kusan ɗaya ce: koko da safe, tuwo da dare.

Aikin bitamin D shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam, wanda da shi ake gina ƙashi. To in babu kalsiyam a abincin, me zai tsotsa? A wani bincike da aka yi a Jos kan yara 123, aka wallafa a 1999, waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla samun sauƙi. Rana muna da ita har ta yi yawa. Nono da kindirmo ne suka yi ƙaranci a kwanon yaranmu. Miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu duk suna taimakawa.

Ba wai ƙarancin bitamin D babu shi ba ne. Ina ganinsa ga jarirai da iyayensu mata da ba sa fita rana. Hasken da ya ratso gilashin taga ma ba ya sa fata ta samar da shi. Gwajin jini ne ke raba gardama: ƙasa da 12 ng/ml ƙaranci ne, 20 kuwa ya wadaci yawancin mutane. Jariri na buƙatar IU 400 a rana, babba 600, wanda ya haura shekara 70 kuma 800.

Mai dubu hamsin ɗin magani ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. Jiki yana tara bitamin D, in ya yi yawa kalsiyam ya hau a jini, ya kawo ƙishirwa, amai da tsakuwar ƙoda.

'Yar lanƙwasar ƙafa kafin shekara 2 takan miƙe da kanta. Amma in ta wuce haka, ko tana ƙaruwa, ko yaro na kukan ciwo, don Allah ku kawo shi asibiti a yi hoton ƙashi da gwajin jini kafin ku sayi ko ƙwaya ɗaya.