Horar da masu rainon yara kan maganin gaggawa da na shafawa

Yaro ƙarami kan yini ne a hannun malamar makarantar raino, malamin islamiyya, kaka ko 'yar raino. A gari irin Dangoma, cikin ƙaramar hukumar Kalgo a masarautar Gwandu, waɗannan ne ke kusa idan ciwo ya taso, kafin a kai ga asibiti a Kalgo ko Birnin Kebbi. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, fiye da kowace jiha. Shi ya sa horar da masu raino ya zama dole.

Horon kan fara da gane alamomin haɗari: jijjiga, kasa sha ko kama nono, aman duk abin da aka ci, da barcin da ya wuce kima. Yaron da ke jijjiga ana kwantar da shi ta gefe, ba a cusa masa cokali a baki, ba a yi masa ɗure. Idan zazzaɓi ya tsananta ga ɗan ƙasa da shekara shida, ma'aikacin lafiya na unguwa kan sa masa artesunate ta dubura, sannan a garzaya asibiti, domin maganin lokaci kawai yake saya. Mai gudawa kuma ana dama masa ORS a tafasasshen ruwan da ya huce, daidai awon da ke jikin ƙunshin, a haɗa da zinc na kwana 10 zuwa 14.

Maganin shafawa ma yana da ƙa'ida. Ana wanke hannu kafin shafawa da bayanta, kuma ba a raba bututu ɗaya na maganin ido tsakanin yara. Chlorhexidine na cibiyar jariri a cibiya kaɗai ake sa shi, ɗiga shi a ido na iya makantarwa. Ƙazuwa da makero kowanne da maganinsa, man bilicin kuwa ƙara ɓata fatar yake yi. Ƙuna ana zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ba a shafa man goge baki ko ƙwai.

Kafin ba da kowane magani, mai raino yana neman izinin iyaye, ya duba sunan yaro, awo da ranar lalacewa, ya rubuta lokacin da ya bayar. Ana ajiye magunguna a inuwa, cikin akwati mai makulli. Ana kuma maimaita horon a aikace, musamman gabanin damina.