Me Ya Sa Linta Ke Gagarar Huji?

Linta ita ce kankaren da magina ke zubawa bisa taga ko ƙofa domin ta ɗauki nauyin ginin da ke sama. Kankare yana jure danni, amma ba ya jure ja. Saboda haka ake shimfiɗa rodi ta ƙasan linta, inda nauyi ke neman tsage ta.

Mai son kafa sandar labule sai ya nemi injin huji mai bugu, da tsinke mai bakin tangistin kabayid, wanda ya fi tsakuwa tauri. Kafin ya fara, ya tabbatar babu wayar lantarki a wurin. Idan tsinke ya cije, wataƙila rodi ya taras. Sai ya dakata, ya matsa sama kaɗan, domin yanke rodi raunana linta ne.