Shirya Ɗalibai Domin Jarrabawar Kimiyya ta Aikace

Jarrabawar kammala sakandare da hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da takwararta NECO suke shiryawa ta kasu kashi uku a darussan kimiyya: tambayoyin zaɓi, da na rubutu, da gwajin aikace, wato inda ɗalibi yake sarrafa kayan ɗakin gwaje-gwaje da hannunsa. Wannan kashi na ƙarshe shi ya fi bukatar a fara shirinsa tun daga ajin farko na babbar sakandare, domin hannu ba ya gogewa a 'yan makonni.

A darasin kemistiri, alal misali, ana bukatar ɗalibi ya riƙa ɗiga ruwan asid daga buret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni, cikin ruwan alkali har sai launin haɗin ya sauya, sannan ya karanta ma'aunin yayin da idonsa yake daidai da saman ruwan, ya rubuta sakamakon da lamba biyu bayan ɗigo, ya kuma maimaita har awon ya yi kusa da juna. Wanda bai taɓa riƙe buret ba sai ranar jarrabawa, da wuya hannunsa ya ƙi rawa, kuma abin takaici ne haziƙin yaro ya rasa maki ta wannan hanya.

Inda kaya suka yi ƙaranci, ya kamata malami ya kasa ɗalibai rukuni-rukuni, kowa ya samu nasa zagayen. Tsofaffin takardun jarrabawa kuwa a amsa su bisa ƙayyadadden lokaci, ana bayyana dalilin kowane kuskure maimakon haddace amsoshi.