Darasi Ga Hakimai Da Malamansu: Kula Da Mace Mai Jinyar Dajin Nono

Wannan darasi an shirya shi ne domin Hakimai da Malamansu su karanta, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwa, su kuma su isar ga magidanta. Maganarsa a kan mace ce wadda likita ya tabbatar tana da ciwon daji a nono, watau sankara, ta kuma fara karɓar magani. Abin da mu ke so a riƙe shi ne, maganin nan yana da tsawo ƙwarai, kuma mafi yawan kwanakinsa a gida a ke yinsu. Aikin likita yana asibiti, amma ko mace za ta kai ƙarshen magani ko za ta yanke a tsakiya, wannan yana hannun mijinta da danginta da shugabannin ƙasarta.

1. Girman Al'amarin

Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwo a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu saboda shi. A Nijeriya shi ne dajin da ya fi kowane yawa a cikin mata. Yakan kama maza ma, amma kaɗan ne, wajen ɗaya cikin ɗari na masu ciwon.

A shekarar 2021 hukumar nan ta sa wa ƙasashe buri uku: a gano ciwon tun yana ƙarami, a gama bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma aƙalla mata 80 cikin ɗari su kammala maganinsu. Buri na ukun nan shi ne wanda ya shafe ku kai tsaye.

2. Yadda Maganin Ya Ke

Magani iri huɗu ne a bisa galibi, likita ne ke zaɓar wanda ya dace da kowace mace.

Na farko tiyata, a cire ƙullutun ko a cire nonon duka, sau da yawa har da kaluluwar hammata. Na biyu magani mai ƙarfi da a ke sa wa a jijiya kamar ƙarin ruwa, wanda ma'aikatan asibiti ke kira kimo. Galibi bayan kowane mako uku a ke yinsa, sau shida ko takwas, watau wata huɗu zuwa shida ke nan. Na uku gashi da na'ura, wanda a kan yi kwana biyar a mako, har mako uku zuwa shida. Na'urar ba kowane asibiti ke da ita ba, sai manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Shika ta Zariya, da na Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Saboda haka dole mace ta bar gida ta sami masauki kusa. Na huɗu ƙwaya, irin su tamoxifen, wadda waɗansu mata ke sha kullum har shekara biyar zuwa goma.

Duk wanda ya duba wannan lissafi zai ga cewa tafiya ce mai yawa, da kuɗin mota, da kwanakin rashin ƙarfi. Nan ne a kan gaji a daina. Idan kuwa aka daina a tsakiya, ciwon yakan sami sarari ya yaɗu zuwa ƙashi ko huhu ko hanta, wahalar baya da kuɗin da aka kashe su tafi a banza.

3. Zaman Gida Tsakanin Zuwa Asibiti

Kimo yana kawo tashin zuciya da kasala da gyambon baki. Gashin kai yakan fara zuba mako biyu ko uku bayan na farko, amma yana sake tsirowa idan an gama. A gaya wa mutanen gida wannan tun da wuri, domin kada su ga mace ta rame su ce magani ne ke kashe ta.

Abin da ya fi haɗari shi ne, maganin yana rage ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, musamman daga kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan an sa shi. Saboda haka a sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye. Idan zafi ya kai digiri 38, ko ta kama rawar ɗari, a kai ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, kada a ce zazzaɓin sauro ne a jira gari ya waye. Ta kwana cikin gidan sauro, ta sha ruwan da aka tafasa, a dafa abincinta ya nuna sosai, nonon fura kuma a tabbata dafaffe ne. Ta ci kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunu, wake, ƙwai, kifi, miyar zogale. Masu mura da tari su dakata da zuwa dubiya.

Bayan tiyata, a ɗauke mata daka da jan ruwa a rijiya da ɗaukar kaya har makonnin da likita ya faɗa, amma ta riƙa motsa hannun kamar yadda aka koya mata. Idan hannun ya fara kumbura, a koma asibiti. Ba ta shayar da jariri a lokacin kimo, kuma lalle a nemi shawarar likita a kan hana ɗaukar ciki har a gama. Game da azumi, malamai sun san rangwamen da addini ya yi wa maras lafiya, a roƙe su su faɗa mata da bakinsu domin hankalinta ya kwanta.

4. Camfe-camfen Da Ya Kamata A Kawar

Akwai masu cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe. Wannan ba gaskiya ba ne. Abin da ke faruwa shi ne, mata da yawa ba su zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, idan sun rasu sai a ɗora wa allura laifin jinkiri. Sakiya da tsaga da ƙaho a kan nono ba su kashe ciwon, sai su buɗe gyambo. Jiƙe-jiƙe kuwa suna iya wahalar da hanta da ƙoda, saboda haka duk abin da za ta sha a nuna wa likita tukuna. Addu'a da sadaka su tafi tare da magani.

Haka kuma ciwon ba a ɗaukarsa. Ba laifi a ci abinci da ita a ƙwarya ɗaya, 'ya'yanta su zauna a jikinta, mijinta ya shiga ɗakinta ranar girkinta. Wadda aka yi wa gashi da na'ura daga waje ba ta dawowa da kome a jiki da zai cuci wani. Kada kuma a bari a zargi kishiya ko maƙwabciya da sammu, domin irin wannan zargi yana raba gida a daidai lokacin da a ke bukatar haɗin kai.

5. Aikin Hakimi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hakimi ya kira mijin shi kaɗai, ya yi masa nasiha da ya ba da izinin tafiya, ya raka ta ko ya wakilta wani, kada kuma ya ƙaurace mata domin an cire nono. Mace da aka mayar gidansu cikin jinya ta haɗa ciwo biyu. Sa'an nan ya umarci dagaci ya shirya gayya idan damina ta tarar da gidan a asibiti, ya yi magana da shugabannin direbobi a tasha a kan rangwamen kuɗin mota, ya tuna wa attajirai da masu rabon zakka. Matan unguwa su raba girki da wanki da renon yara a tsakaninsu, masu adashi su ba ta kwasa da wuri. 'Yan asalin gunduma mazauna birni kuwa a nemi masauki a wurinsu.

6. Aikin Malamin Hakimi

Malami ya rubuta ranakun komawa asibiti, ya aika a tuna wa gidan kwana uku kafin ranar, bayan ranar kuma ya bincika ko an je. Idan ba a je ba, ya gano dalili ya sanar da Hakimi a makon nan. Ya taimaka a adana takardun gwaji da rasit a jaka ɗaya. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun taimakon marasa ƙarfi masu dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsara ta maza a waɗansu asibitoci, saboda haka a tambayi ofishin jin daɗin jama'a na asibitin, Malami ya rubuta takardar shaida idan an nema.

Sai gargaɗi ɗaya. Wannan sirrin mace ne. Kada a ambaci sunanta a masallaci ko a fada sai da yardarta, littafin kuma a kulle shi. Idan mata suka ga an rufa wa ɗaya asiri, ta kuma gama magani ta koma sana'arta, wadda ta ji ƙullutu gobe ba za ta ɓoye ba.

Muna roƙon a karanta wannan darasi a taron dagatai na gaba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa shugabanni tausayin talakawansu, amin.